Na Ɗaga Laimarka a Bakin Teku

Abban Hanan,

Assalamu alaika. Na san wannan takardar ba za ta isa hannunka ba, amma na gaji da yi maka magana a zuci, shi ya sa na zauna na rubuta.

Muna nan lafiya a gidanmu na Pantai Dalam a Kuala Lumpur. Na gama takaba a ɗakin nan, ni da Hanan, lokacin ko ƙofar maƙwabci ba a yarda ka tsaya ba saboda korona. Maƙwabciyarmu Kak Ros ta ƙasan bene ce ke rataye mana abinci a hannun ƙofa. Jana'izarka ma a waya na kalla, mutum huɗu cikin fararen riguna na roba. Hanan ta fara makaranta, rabin maganarta Malay ce yanzu. Hajiyarka na kira duk Juma'a, kullum tana tambayar yaushe za mu dawo Kano. Na gaya mata sai na ƙare digirin da na fara. Ba ta ji daɗi ba, amma ta sa mini albarka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk sanda ka ɗauki ƙatuwar laimar nan mai igiyoyi da ake tayarwa sama ka nufi teku, kunya nake ji. Magidanci, mai karatun dakta, iska tana jansa a kan katako bisa ruwa kamar yaro! Ni ce na kai ƙararka wurin Hajiya, ba Yaya Sabi'u ba, kuma na bar ka kana fushi da shi. Sau nawa ka roƙe ni in zo in gani? Ko sau ɗaya ban je ba. Ka yafe mini.

Da aka buɗe hanyar fita daga Kuala Lumpur, na ciro jakar laimar daga ƙarƙashin gado, har yanzu da yashi a ciki. Na kira Mei Ling, matar da ta koya maka, muka shiga bas zuwa gabas ni da Hanan.

Ranar iska ba ta da ƙarfi, kuma daga teku take hurowa kai tsaye zuwa tudu. Irin ranar da kake dawowa kana ƙorafi ina yi maka dariya. Yanzu na gane. Laimarka babba ce, tana da nauyi. In na tsayar da ita wuri ɗaya sai ta yi laushi, ta fara zamewa baya za ta faɗo. Tsoro ya sa nake janyo sandar da igiyoyin ke ɗaure a kanta zuwa jikina, ashe haka ke shaƙe ta. Mei Ling ta nuna mini in tura sandar gaba, in bar laimar ta sha iska, in riƙa kai ta sama ina dawo da ita ƙasa ba tsayawa. Sai ga ƙarfi ya zo hannuna.

Taguwar ruwa kuma ba ta raga mini ba. Duk wadda ta zo sai ta tura ni wajen laimar, igiyoyin su saki, laimar ta faɗa ruwa. Sau bakwai ta faɗi. Na sha ruwan gishiri, hijabina ya cika da yashi, Hanan na tsalle a bakin gaɓa. A na takwas na miƙe a kan katakonka. Bai fi in ƙirga biyar ba, amma na ji yadda ruwa ke gudu ƙarƙashin ƙafata, na kuma ji na kira sunanka na gaskiya da ƙarfi, abin da ban taɓa yi ba kana raye. Wannan ne abin da kake so in gani, ko?

Mei Ling ta ce laimar ta yi mini girma, in canza ƙarama. Na ce a'a. Zan koya da wannan, ko zai ɗauke ni shekara biyu. Sati mai zuwa zan miƙa babi na huɗu ga malamina, Asabar kuma mu koma teku. Hanan ta ce in ta girma ita ma za ta hau, ban hana ta ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a Aljanna. Sai mun zo.

Matarka,
Rukayya, Maman Hanan