Hannun da Inna Ke Riƙe Ni da Shi

Zuwa ga ƙanwata, Autar Inna,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da na dame ki da wasiƙa alhali kullum muna waya, akwai maganar da bakina ya kasa ɗauka ne. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin surukarki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Tun zuwanki na kwana ukun nan Inna ba ta da zance sai naki. Kin san mararrabar da muke tsallakawa zuwa asibiti, inda ake gasa mata gwiwa duk Talata. Ke kika nuna mata kada ta sauka titi a kan koriyar fitilar da ta tarar a kunne, ta bari ta mutu, ja ta zo ta wuce, sannan ta tashi tare da sabuwa. Har aunawa ta yi da carbi: koriyar tana kai tasbihi talatin da uku, ƙafarta kuma talatin take buƙata. Yanzu ko mai gyaran takalmin da ke gindin danjar ya san Auta ce ta koya mata. Wasu tsofaffi biyu ma bayanta suke tsayawa, sai ta ɗaga sanda su taka.

Ni kuwa shekara tara ina tsallakar da ita a wurin nan. Ni ke ɗaga wa motoci hannu, ni ke kare ta da jikina, ban taɓa jin ta ba wani labari ba. Tana da hannu biyu, ɗaya na sanda ne, ɗayan da shi take riƙe ni. Yanzu carbi ne a cikinsa.

Mako biyu da suka wuce muka iso muka tarar da koriya a kunne. Ta ja ta tsaya. Na ce mata mun makara, kuma gaskiya mun makara, amma Allah Ya sani ba shi ne dalilina ba. So nake ta ga in ina nan za ta haye ko babu lissafinki. Na kama hannunta na ja ta. Muna tsakiya fitilar ta juya, motoci suka taso da ham. Da ƙyar muka hau ɗan tudun tsakiyar titi. Takalminta ɗaya ya fita, mota ta bi ta kansa tana kallo. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi ba haka Auta ta faɗa ba.

Tun ranar ba ta sake fita ba. Talata biyu sun wuce ta, gwiwar ta kumbura, a zaune take salla. Ina ji a waya ta ce miki sanyi ne. Asirina ta rufa, wannan kuma ya fi komai yi mini ciwo.

Kin tuna abin da Malam ya karantar da mu a kan hassada. Ban taɓa zaton zan tsince ta a zuciyata ba, balle a kan yarinyar da na goya. Ina ta istigfari, kuma ba zan ɓoye miki ba, har yanzu in ta ambace ki sai hassadar ta motsa mini. Ki yafe mini.

Ki rubuto mata, zan karanta mata ba ragi ba ƙari. Ki ce ta koma asibiti. Lissafinki za mu bi, zan tsaya ko sau nawa fitilar za ta juya. Sai dai ki ƙara mini layi ɗaya: ki ce ta riƙa yin tasbihin da baki, ta ba ni hannun. In daga bakinki ne za ta ji.

Don Allah ki amsa kafin Talata.

Wassalam,
Yayarki