Tafin Hannun Madina a Bangon Kwaleji

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Kwalejin Katolika ta Sainte Bertille, Yaoundé.

Daga: Hajiya Indo Mohaman,
Mai sayar da atamfa a Kasuwar Mokolo,
Unguwar Briqueterie, Yaoundé.

Litinin, 23 ga Mayu, 2022.

Game da: Tozarta ɗaliba Madina Tahiru a bikin yaye ɗalibai na 14 ga Mayu, da roƙon a goge shatin hannunta daga bangon kwaleji.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana a gabanka. Ni ce goggon ɗalibar da aka ambata a sama, kuma ni nake riƙon ta tun watan Satumba na 2019. Mahaifinta Tahiru ƙanena ne, yana zaune a Bamenda. Ranar Litinin 14 ga Janairu, 2019, wasu 'yan bindiga masu hana yara zuwa makaranta suka tare ta a can da jakar littattafai a ranar da suka hana fita, suka datse mata yatsu biyu na hannun dama, manuni da na tsakiya. Ta koyi rubutu da hagu cikin wata huɗu. Muka kawo ta kwalejinku domin an ce mana a nan ake da tarbiyya da rufin asiri. Ga abin da ya biyo baya.

1. Ranar da aka karɓe ta, na miƙa takardar likita ga shugaban kwaleji, Fada Barnabé, hannu da hannu. Ya saka ta a dosiyenta, wato fayil ɗinta, ya ba da izini a rubuce cewa ta riƙa sa safar hannu, ya kuma yi mini alkawarin maganar ba za ta fita daga ofishinsa ba. Shekara uku yarinyar nan tana ɓoye hannunta. Ko abinci ba ta ci a gaban 'yan ajinsu. Wasu sun ɗauka ƙyasbi ne, wasu sun ɗauka tsananin addini ne, ita kuwa ta bar kowa da zatonsa, tana ta zuwa ta biyu ko ta uku a aji.

2. Kamar yadda ka sani, al'adar kwalejin ce kowane ɗalibi mai fita ya buga tafin hannunsa na dama da fenti a bangon waje, kusa da babbar ƙofa, a rubuta sunansa a ƙasa. Uba ko mariƙi ne yake shafa wa ɗansa fentin. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, ranar 9 ga Mayu na rufe shagona na je wurin mai kula da ladabin ɗalibai, Musyu Ondoua, na roƙi a bar ta ta buga na hagu. Ya ce babu komai, har ya raka ni bakin ƙofa yana tambayata farashin atamfa.

3. Ranar biki, Asabar 14 ga Mayu, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, a gaban iyaye da baƙi da ba su gaza ɗari huɗu ba, Madina ta miƙo mini hannun hagu. Sai Musyu Ondoua ya tare mu. Hujjarsa ita ce duk manyan yatsun da ke layin suna kallon gefe ɗaya, na hagu zai ɓata tsarin bango. Tsarin bango, ranka ya daɗe. Na tuna masa maganarmu, ya ce bai tuna ba. Ya kama hannunta na dama ya zare safar da kansa, kamar mai feɗe akuya, ya ɗaga shi sama don a ga ba wani abu ba ne. Sai da ya ɗaga sannan ya ga abin da ya ɗaga.

4. A nan ina da laifin da ba zan ɓoye wa kwamiti ba. An zuba mana ido, buroshi yana hannuna. Maimakon in jefar da shi in ja 'yata mu tafi, kunyar taro ta kama ni, na tsoma shi a shuɗin fenti na shafa mata. Ta buga shi a bangon, aka rubuta sunanta a ƙasa. Ni da na yi shekara talatin ina sa-in-sa da 'yan kasuwar Mokolo ba wanda ya taɓa rufe mini baki, ranar nan na zama bebiya. Da na sani ƙeya ce, kuma tun ranar ban daina jin ɗacinta ba.

5. Maimakon Fada Barnabé ya rufa abin da ya buɗe, sai ya karɓi lasifika ya karanta wa taro labarinta tun daga farko, da ranar, da unguwar, da irin addar da aka yi amfani da ita, duk daga takardar da na ba shi amana. Ya kira ta jarumar kwaleji. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi, masu waya suna ɗauka, ita tana tsaye fenti yana ɗiga daga dungulmin yatsunta zuwa kan farin takalminta. Ba wanda ya tambaye ta ko tana son zama jaruma.

6. Tun daga ranar, shatin hannu mai yatsu uku yana nan a bakin titi da cikakken sunanta a ƙarƙashi. Ɗalibai suna lanƙwashe yatsu biyu su ɗora hannunsu a kai ana ɗaukar su hoto. Abin ya shigo har Briqueterie: ranar 18 ga wata ta fita sayen burodi, 'yan acaba na bakin layinmu suka gaishe ta da yatsu uku. Ba ta sake leƙa ƙofar gida ba. Kwalejin kuma ta buga hoton hannun a takardar tallar ɗaukar sababbin ɗalibai, na ga guda manne a jikin wani kanti a Ekoudou da idona.

7. Ranar 17 ga Mayu na koma wurin Fada Barnabé. Ya ce tun kafuwar kwaleji ba a taɓa goge hannun kowa ba, kuma kamata ya yi mu yi alfahari. Ranar 19 da rana tsaka na je da bokitin farar ƙasa in shafe da kaina, mai gadi ya ƙwace bokitin bisa umarni, ya ce in na dawo za a kira 'yan sanda. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Ranka ya daɗe, jarrabawar ƙarshe ta GCE za ta fara ranar Talata 31 ga Mayu, kuma a kwalejin nan aka ba ta wurin zama. Ƙofa ɗaya ce, bangon yana jikinta. Madina ta ce ba za ta wuce ta gabansa ba. Saboda wannan jarrabawa aka yanke ta, saboda ita ta bar iyayenta shekara uku, yanzu saura kwana takwas.

Don haka ina roƙon kwamiti, cikin ladabi, ya ba da umarni a goge shatin da sunan kafin ranar Juma'a 27 ga wata, a janye takardun tallar duk inda aka manna su, a kuma dawo mini da takardar likita. Ban nemi a kori kowa ba, ban nemi a ba mu haƙuri a taro ba, taro ya ishe mu.

Ina roƙon a hanzarta, domin jiya ta haɗa kayanta ta ce in sa ta a motar Bamenda. Na tuna mata abin da aka yi mata a can. Ta ce ta sani, amma waɗanda suka yanke ta sun yi abinsu sun tafi, ba su tsaya suna tafa mata ba.

Ina jiran amsarka da dukkan girmamawa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka yi adalci.

Taka mai biyayya,

Hajiya Indo Mohaman
Mariƙiyar ɗaliba Madina Tahiru, ajin ƙarshe.