Tsohuwar Ƙofar Ta Wa Ce?

Zuwa ga angona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ni ma lafiya, sai gwiwa, ita kuma ba ta jin magana kamar kai.

Na bar gidan haya na koma wajen kawunka. Amma mai gidan ya riƙe kuɗin ajiyar da marigayi kakanka ya ba shi ranar da muka shiga. Wai mun ɓata masa ƙofar ɗaki, sabuwa zai saya. Ka san ɓarnar? Zanen ƙusar nan da kakanku yake yi idan ya jingina ku yana auna tsayinku.

Tunda kai kake ɗaukar wa lauya jaka, ga tambaya: idan da kuɗina ya sayi sabuwa, tsohuwar ta wa ce? Na yi ta juya maganar har na ƙona miya. Ni dai ko kuɗina ko ƙofar, kuma ƙofar na fi so.

Kakarka da ba ka ciyarwa.

*

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwar ban girma, ba jaka nake ɗauka ba, takardu nake shiryawa.

Lauya ya ce mai gida ba zai cire komai ba sai kuɗin gyaran da ya yi, kuma sai ya nuna rasit. Ki nemi rasit ɗin a rubuce. In ya ƙi, a kira masu sasanci. In abin ya gagara, sai ƙaramar kotu.

Batun tsohuwar ƙofa kuwa, lauyan ya cire tabarau, ya ce ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba.

Don Allah kar ki je ki ciro ta. Na san hali.

Jikanki mai biyayya.

*

Angona,

Ina gaisuwa. Ban ciro ba, leƙawa kawai na je. Ƙofa na nan daram, ko fenti ba ta gani ba. Wata tela ce a ɗakin yanzu, da 'yarta.

Mai gida ya zo yana kaɗa makullai. Na ce, "Ina rasit?" Sai tari ya kama shi. Na ce ni ban taɓa ganin cikin kotu ba, ina marmari, ko ya san suna ba tsofaffi kujera? Ya ce, "Haba Inna, ba sai an kai can ba. Ki ɗauki ƙofar, ni in riƙe kuɗin." Na yarda. Kafinta zai zo ya cire.

Ka gaya wa lauyanka na samo masa amsa.

Kakarka.

*

Angona,

Gaisuwa a gurguje. Kafinta ya kafa guduma ke nan na lura da sabon zanen fensir kusa da naku. Ashe telar ta fara auna 'yarta. Yarinyar ta riƙe min bakin zane, ta ce, "Kaka, in an tafi da ita, ta yaya zan san na girma?"

Na sallami kafinta. Na ce wa mai gida tunda ƙofa ba ta motsa ba, kuɗina su motso. Ya kawo, yana gunaguni.

Kafin in fito na gwada zanenta da naka na shekarunta. Ta fi ka da yatsa uku, kuma ita ba ta yi ɗage ba.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka.