Dariyar Mama ta Bayan Taga

Toledo, Ohio
Satumba, 2020

Yaya Marlene,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya aikin asibiti, ya ƙafar nan taki? Ina fata kina samun barci ko yaya ne. Mu lafiya lau, ɗalibaina ma haka, sai dai ta kwamfuta nake ganinsu, rabinsu ko fuska ba su wanke ba.

Maigidana Curtis ne ke damuna. Tun da annoba ta hana tara 'yan kallo, a ɗakin wanki yake ɗaukar shirinsa na barkwancin siyasa. Sai ya kwaikwayi ɗan takara, ya dakata inda ya saba jin dariya, ba abin da ke amsa masa sai injin wanki. Gidan talabijin sun ce in zaɓe ya wuce a haka, za su rufe shirin.

Mama kuma har yau tana gaba da shi, tun ranar bikin godiya da ya tsokani jam'iyyarta mai alamar giwa ana tsakiyar cin talotalo. Shi kuwa ɗan jam'iyya mai alamar jaki ne. Lahadi zan ja shi zuwa gidan tsofaffin da take zaune, ko ta taga ce ya gaishe ta.

Ƙanwarki,
Darlene

Toledo
Oktoba, 2020

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya. Zauna ki sha labari!

Mun tsaya a kan ciyawa da takunkuminmu. Mama ta ɗaga taga kaɗan, ta ƙare masa kallo, ta ce, “Kai ɗan jam'iyyar jaki, an ce barkwancinka ya mutu. Yi mu ga gawar.”

Ya fara da tsokanar 'yan jam'iyyarsa. Yaya, kin san dariyar Mama mai tashin kare daga barci. Ita ta sa sauran tsofaffi suka fara buɗe tagoginsu. Da ya juya kan 'yan giwa sai ta yi ihu, “Ƙarya kake, mara kunya!” alhali tana share hawayen dariya. Wani tsoho a saman bene yana ta buga sanda yana cewa a ƙara. Rabinsu na tafa masa, rabi na zagi. Rabon da in ga Curtis haka tun kafin kullen annoba.

Na ɗauka da wayata, ya aika wa gidan talabijin. Sun ce shirin ya tsira, amma kowane mako a gaban tagogin nan za a yi, kuma lallai da matar nan mai baki.

Mama ta yarda, da sharaɗi: ya kafa allon tallan jam'iyyar giwa a ƙofar gidanmu, kusa da na jakinsa. Da hannunsa ya kafa jiya. Maƙwabcinmu ya leƙo ya tambaya ko rabuwa za mu yi. Curtis ya ce, “A'a, surukata ce ta ɗauke ni aiki.”

Ki kula da kanki, ki kira Mama. Ki shirya, yanzu ta zama tauraruwa.

Taki har kullum,
Darlene