Shafa a Kan Bandeji

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Yau aka canja mini ɗaurin ciwon babban yatsan ƙafata. Wata biyar ke nan ya ƙi rufewa, saboda ciwon suga. Ikilima, nas ɗin da ke duba ni, ta ce sabon abu ne masu bincike ke gwadawa, na kuwa sa hannu. Sanyi gare shi, da santsi, kamar kokon da ya huce ya kafe. Launinsa ruwan ɗorawa. In ƙwayoyin cuta suka shiga wai zai koma kore. Kwana uku-uku za a riƙa canjawa, kada a buɗe, kada ruwa ya taɓa.

Likita ya ce in wannan bai yi ba, yatsan za a cire. Bai dube ni ba da ya faɗa.

Laraba, 9 ga Yuli

Na san hukuncin. Ni nake karantar da shi ga matan Islamiyya: mai ciwo ya jiƙa hannu ya shafa a kan ɗaurin, alwalarsa ta yi. Na shafa. Na yi azahar. Zuciyata ta ƙi. Sai na ɗaga gefen kaɗan na zuba ruwan buta, na sake sallar.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ranar kasuwa ce, motocin shanu sun cika titi tun safe. Ƙafa ba zafi. Dama ba na jin komai a wurin.

Laraba, 16 ga Yuli

Kullum sau biyar nake ɗagawa in zuba ruwa. Ina mayar da shi daidai, ba mai ganewa. Amma yau gefensa ya yi kore.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ikilima ta daɗe tana kallo. "Malama, wa ke buɗewa?" Ban iya ƙarya ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta wanke, ta ɗaura sabo, aka ƙara mini magani. Mako biyu likita ya ba ni.

Asabar, 19 ga Yuli

Yaya Suwaiba ta zo daga Indabo da zogale. Na gaya mata, ina zaton za ta tausaya. Ina! "Ke Barakatu, sauƙin da kike raba wa matan mutane, ke kin fi ƙarfinsa? To in an yanke yatsan, me za ki wanke?" Ta tashi za ta tafi. Ta ɗauke ƙaramar butata ta sa a jakarta, wai ta fi dacewa da ita.

Talata, 22 ga Yuli

Ban buɗe ba. Ina shafawa, in yi salla, in sake ta, wani lokaci sau biyu. Allah Ka gani.

Alhamis, 31 ga Yuli

Ɗorawa, tas. Ikilima ta auna, ta ce ramin ya ragu, jan nama na tasowa. Likita ya ce a ci gaba. Bai ambaci wuƙa ba, ni ma ban tambaya ba.

Litinin, 4 ga Agusta

An yi ruwa da rana. Na zauna bakin ƙofa ina tsince wake, ƙafa a kan kujera. Sai da aka kira la'asar na tuna azahar sau ɗaya na yi ta. Na ajiye faifan zan tashi in sake ta.

Waken da saura. Na ƙarasa shi.