Ƙusar Askar Baba

Daren Laraba, Birnin Kudu

Wa ya taɓa tsayawa ya duba ƙusar da ke riƙe aska da ƙotarta? Kowa kaifi yake dubawa. Ni ma haka nake, sai yau.

Da safe na je Fagam askin suna, gidan da Baba yake wa aski kafin idonsa ya raunana. Askarsa mai naɗewa na ɗauka, wadda na kai wa wani maƙeri a Gwaram makon jiya saboda ƙusarta ta tagulla ta cinye. Ashe guntun ƙusar kafinta ya zura, ya dake gefe ɗaya, ya bar ɗayan. Ina tsakiyar aske kan jaririyar na ji bakin askar ya yi lilo, zai karkace. Na tare da babban yatsa. Jinina ne ya ɗiga a zanen goyo, ba nata ba, alhamdu lillahi.

Kakarta ta karɓe ta, ta ce, "Ɗan nan, Allah ya ba babanka lafiya. Shi hannunsa ba ya rawa." Ina zaune aka kira wani wanzami ya ƙarasa.

Da na dawo Baba ya shafa ƙotar, ya ce, "Da ka karɓa, ka girgiza ta?" Ban girgiza ba. Wannan ya fi yankan zafi.

Amma ranar kasuwa zan dire wa maƙerin nan askar a bakin maƙerarsa, ya faɗa a gaban jama'a: hannuna ne ya yi rawa, ko ƙusarsa?