Jan Layin da Na Goge a Ƙafar Tanki

Zuwa ga Injiniya, Shugaban kamfanin gine-ginen da nake wa aiki a Dutsin-Ma.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, Yallaɓai, ka yi haƙuri da na kawo wannan magana bainar jama'a. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku ana ce mini kana mitin. Na gaji da ɗumama bencin sakatarenka.

Ga wanda bai san ni ba, aikina duba ƙarfe ne ba tare da na ɓata shi ba. In mai walda ya gama, sai in wanke wurin, in fesa jan magani, in jira ya shiga, in share, in fesa farar hoda. In akwai tsaga, ko sirantarta ta kai gashi, jan zai fito a kan farin. Daga nan in rubuta abin da na gani, in goge wurin tas kamar ban taɓa zuwa ba. Haka aka koya mana.

1. A ƙarshen damina aka tura ni duba tankin ruwan da muka ɗora kan ƙafafun ƙarfe huɗu a ƙauyenmu, cikin mazaɓar Wurma a Kurfi. Ƙafa uku lafiya lau. A ta gabas, jan layi ya fito a gindin waldar, tsawon ɗan yatsana. Na sake gwadawa, ya sake fitowa. Na rubuta cewa kada a cika tankin sai an kankare an sake walda. Sannan hannuna ya yi abin da ya saba, na goge. Hoton da na ɗauka yana cikin kyamarar kamfani, kyamarar kuma tana ofishinka.

2. Washegari mai fenti ya zo ya shafe ƙafafun duka. Ka fi ni sanin jan magani ba ya ratsa fenti. Rahoton da ya fita daga kamfani ya ce ƙafa huɗu lafiya, ga hatimina zaune daram a ƙasa. Hatimin a durowar ofis yake kwana, kuma ba ni na buga shi ba. Da wannan rahoto aka cika tankin.

3. Wani zai ce me ya hana ni ajiye aikin. Satifiket ɗina na asali yana kabad ɗinka tun da kamfani ya tura ni kwas. Takardar da na sa wa hannu ta hana ni faɗa wa kowa sakamakon gwaji, kuma kawuna ne ya tsaya mini, shi za a kira a ci wa mutunci da tsufansa. 'Yan kwangilar yankin nan duk kun san juna, babu mai ɗaukar mai duba da ya tona. In na yi shiru kuwa, sunana ne ke riƙe da ruwan nan a kan mutane. Don haka kullum nake zuwa aiki, in gaishe ka, in hau babur zuwa madatsar ruwa ta Zobe in duba bututun wasu, zuciyata tana gindin tanki.

4. Gwaggona Hajara, ƙanwar mahaifina, ta mayar da kaskon awararta ƙarƙashin tankin saboda inuwa. Mata na jera jarkoki a wurin tun da hantsi. Na je na yi mata kwana-kwana, wai hayaƙi zai ɓata fenti, ta matsa gefe. Ta yi dariya ta ce wa matan, “Murtala ya hau ya diba da idonshi, mi za ya same mu?” Har awara ta ƙulla mini. Yallaɓai, ban iya cin ta ba. Kunya na ji, da tsoro, kuma har yau ba su sake ni ba.

Ban ce gobe zai faɗo ba. Abin da na sani shi ne duk cikawa da saukewa tsagar ƙaruwa take, ga iskar farkon damina na tafe.

Roƙona: a sauke ruwan, a kankare fentin ƙafar gabas, a kawo wani mai duba, ba ni ba, ya gwada a gaban mai unguwa. A janye wancan rahoto, a ba ni hatimina da satifiket ɗina. Kada kuma a ɗora wa mai walda laifi. Tsaga tana kuɓuce wa kowane gwani, shi ya sa aka ɗauki irina.

Allah Ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, Ya tsare iyalinka daga zama ƙarƙashin abin da wani ya sani ya yi shiru. Idan Juma'a ta zo ban ga an sauke ruwa ba, bayan an sauko daga masallaci zan faɗa wa mai unguwa komai baki da baki, duk abin da zai biyo baya ya biyo. Na riga na sayi gwangwanin jan fenti. Zan ja layin a inda na gan shi, wannan karon kuma ba zan goge ba.

Wassalam.

Ma'aikacinka,
Murtala, mai duba walda.